Shawara ga Ɗalibin Bayoloji a Ƙaramar Jami'a

Duk shekara idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai ɗaliban da murnarsu ke zuwa rabi da rabi. Sun cike fom ɗin JAMB da burin karanta likitanci ko haɗa magunguna a Zariya ko Kano ko Sakkwato, sai ga saƙo cewa an ɗauke su, amma a sashen Bayoloji, ko nazarin tsirrai, ko nazarin dabbobi, kuma a wata ƙaramar jami'a da iyayensu ma ba su taɓa taka harabarta ba. Irin waɗannan jami'o'i yanzu sun yawaita a Arewa. A 2011 gwamnatin tarayya ta kafa sababbi guda tara, cikinsu har da na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, a 2013 kuma aka ƙara na Gashuwa da Gusau da Birnin Kebbi. Ga na jihohi irin ta Kafin Hausa da ta Gaɗau, ga kuma kwalejojin ilimi masu bayar da digiri. Da ɗalibin da ya samu kansa a irin wannan wuri nake magana, namiji ne ko mace.

Abin da zan fara roƙonka shi ne ka yanke shawara da wuri: ko dai za ka zauna ka yi karatun nan da gaske, ko kuwa za ka sake rubuta JAMB ka tafi. Duk wanda ka zaɓa babu laifi. Abin da ke kashe ɗalibai shi ne zaman jiran tsammani, gangar jiki na aji, zuciya na asibiti, har shekarar farko ta wuce a banza. Shekarar farkon nan kuwa tana da tsada. A tsarin maki biyar da jami'o'inmu ke bi, sai matsakaicin makinka, wato CGPA, ya kai 3.50 kafin ka fita da daraja ta biyu babba, 4.50 kuma ita ce ƙofar daraja ta ɗaya. Ɗauki alƙalami ka lissafa. Idan nauyin darussan kowace shekara ya yi kusan daidai, wanda ya gama aji ɗaya da 2.50 sai ya riƙa samun kusan 3.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya taɓo 3.50. Wanda ya fara da 4.00 kuwa, 3.33 ta ishe shi. Kuma ba kasafai Bayolojin kansa ke kayar da mutane a aji ɗaya ba. Kemistiri ne da Fizik da Lissafi, darussan da ɗalibi ke ɗauka kamar ba nasa ba ne, har ya kwashi kari-oba. Kemistirin nan kuwa, musamman na sinadaran da ke cikin jikin masu rai, zai biyo ka har aji huɗu. Wanda bai fahimce shi ba, haddar yadda ganye ke haɗa abinci da yadda jiki ke ƙona sukari kawai zai riƙa yi, ya zubar a takardar jarrabawa, ya manta kafin ya isa ɗakin kwana.

Yanzu mu zo kan gaskiyar da kowa ya sani. Ƙaramar jami'a ba ta da kayan aikin da babba ke da su. Ba wata makaranta guda nake nufi ba, hali ne na kusan dukansu. Za ka iya gama digiri ba ka taɓa ganin na'urar PCR tana aiki ba. Maikuroskof ɗaya mutum takwas su yi masa layi. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji. Wannan duk haka yake, kuma ba zan ce maka ba komai ba ne. Amma akwai abin da kake da shi wanda ɗalibin babbar jami'a ke nema ido rufe: ku kaɗan ne. Bayan aji ɗaya, idan aka rarraba ɗalibai zuwa sassa, malaminka zai iya sanin sunanka da fuskarka da rubutun hannunka. A inda ɗalibai ke cika babban zaure har wasu na leƙe ta taga, wannan ba ya samuwa sai ga 'yan ƙalilan. Jarinka ke nan, kuma yawancin shawarar da zan ba ka a kan yadda za ka juya shi ne.

Mutum na farko da ya kamata ka sani a sashenku ba shugaban sashe ba ne. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, wanda mabuɗan ke hannunsa. Ɗalibai da yawa kan wuce shi ko gaisuwa babu, alhali shi ya san wane maikuroskof ne mai lafiya, wane sinadari ne ya lalace, da kuma yadda ake haɗa abincin da ƙwayoyin cuta ke tsirowa a kai ba tare da ya gurɓace ba. Je ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Malam, ina so in riƙa zuwa ina taya ka shirya kayan gwaji kafin ɗalibai su shigo." Da wuya ya kore ka. Da wankin kwalabe da faranten gilashi za ka fara, kada ka raina. A nan za ka koyi abin da ba a rubuta shi a takardar lakca: yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki da tururi mai zafin digiri 121 na minti 15, da cewa tukunyar matsi ta girki tana iya yin wannan aiki idan babbar na'urar ta lalace, yadda ake auna giram 9 na gishiri a narkar a lita ɗaya ta ruwa a samu ruwan gishiri irin na asibiti, yadda ake rina bakteriya da rinin Gram, wanda ake amfani da shi tun 1884, har ka rarrabe masu riƙe shunayya da masu komawa ja, yadda ake shafa jini a gilashi a rina shi da Giemsa a nemo ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ka iya saita maikuroskof da kanka tun daga ƙaramin ido har zuwa wanda ake ɗiga wa mai, mai girmama abu sau dubu. Wanda ya iya waɗannan da hannunsa ya fi wanda ya haddace sunayen na'urori goma da bai taɓa taɓawa ba. Ranar da aka kira ku gwajin ɗaukar aiki, minti biyar sun isa a gane wane ne wane.

Na biyu, ka zaɓi malami ɗaya ko biyu ka manne musu, mannewa ta ilimi, ba ta ɗaukar jaka da kai gulma ba. Ka nemi takardun binciken da malamin ya wallafa ka karanta, ko da rabinsu kawai ka gane, sannan ka je ofishinsa da tambaya takamaimiya. "Malam, na ga a bincikenka ka ɗebo samfur daga wurare uku, me ya sa ba biyar ba?" Malamin da aka yi wa irin wannan tambaya ba ya manta mai ita. Gobe idan zai fita ɗebo samfur, kai zai tuna. Akwai kuma wata dama da ƙananan jami'o'i ke da ita wadda ɗalibai ba sa lura da ita: malaman aro. Da yawa daga manyan malaman da ke koyar da ku daga manyan jami'o'i suke zuwa, su tattara lakcar wata guda su yi ta a kwana biyu su koma. Ɗalibai na ƙorafi a kan haka, kuma suna da gaskiya. Amma mutumin nan gada ce. Shi zai iya buɗe maka ƙofar ɗakin gwajin da makarantarku ba ta da irinsa, shi zai iya rubuta maka takardar shaida ranar da za ka nemi digiri na biyu. Ga ɗalibai mata, shawarata ita ce ku riƙa zuwa ofishin malamai ku biyu ko uku, da rana, a lokacin aiki. Wannan ya fi kwanciyar hankali ga kowa, kuma bai rage komai daga abin da za ku koya ba.

Sai kuma abin da nake ganin ya fi komai, wanda kuma aka fi yin sakaci da shi. Yawancin jami'o'in nan a bakin daji aka gina su, ko tsakiyar gonaki. Ɗalibai na ɗaukar wannan a matsayin hukunci. Ga mai karatun halittu kuwa, ɗakin gwaji ne da ba ya buƙatar janareta. Fita bayan katangar makaranta ka fara da itatuwa. Ka san kuka da aduwa da kanya da magarya da sabara da kalgo tun kana yaro. Abin da ya rage shi ne ka haɗa kowanne da sunansa na kimiyya da danginsa, ka san cewa aduwa ita ce Balanites aegyptiaca, sabara kuma Guiera senegalensis. Ka tsaya gaban gawo ka tambayi kanka me ya sa yake zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa, da kuma dalilin da ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Wannan tambaya kaɗai ta haɗa darasin saiwa da ruwan ƙarƙashin ƙasa da bakteriyar da ke kama sinadarin naitirojin. Ka fara tara busassun tsirrai naka na kanka. Ba ya buƙatar komai sai tsofaffin jaridu da kwali da katako biyu da igiya. Ka tsinko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, ka shimfiɗa tsakanin jaridu, ka danne, ka riƙa sauya jaridun kullum har ya bushe. A jikin kowanne ka rubuta rana, da wurin da ka same shi tare da lambobin wurin da wayarka ke nunawa, da sunansa na Hausa, da abin da mutanen wurin ke yi da shi. Manoma da makiyaya da masu maganin gargajiya su ne malamanka a nan, ka tambaye su da girmamawa. Wani likita ɗan Sikotlan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya zamanin Turawa, ta irin wannan hanya ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, kuma har yau masana na komawa ga aikinsa. Abin takaici ne a ce ɗan ƙasa mai digirin Bayoloji ya kasa ambata sunan itacen da yake shan inuwarsa. Idan ƙwari ne suka fi jan hankalinka, kwalba da barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari sun isa ka fara adana su. Idan tsuntsaye ne kuma kana kusa da Haɗejiya ko Nguru ko Gashuwa, to kana zaune ne a bakin dausayin da tsuntsaye ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a cikinsa, wanda aka sanya wani ɓangarensa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Mutane na biyan kuɗin jirgi su zo ganin abin da kai kuɗin acaɓa zai kai ka.

Duk wannan zai biya ka ranar zaɓen furojet na aji huɗu. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. An cika kantocin sassan Bayoloji da bincike iri ɗaya: a jiƙa ganyen wani itace, a ɗiga ruwan a kan bakteriya, a auna da'irar da ta fito, a ce ganyen magani ne. Ba haramun ba ne, amma yana buƙatar tsabtatattun ƙwayoyin cuta da aka tabbatar da ko su wane ne, da na'urar ɗumama da za ta tsaya a digiri 37 dare da rana. Inda wuta ba ta tsayawa, sakamakon ba abin dogaro ba ne, kuma a nan ne shaiɗan ke raɗa wa ɗalibi ya ƙirƙiro lambobi. Ka zaɓi tambayar da kayan da ke gabanka za su iya amsawa. Ƙwaron da ke huda wake a ajiya, Callosobruchus maculatus, cikin kimanin wata guda yake kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba idan akwai zafi. Da kwalaben roba da ƙyalle da ma'auni za ka iya gwada ko toka, ko barkono, ko garin ganyen darbejiya, ko toshe iska gaba ɗaya, wanne ya fi kare wake. Sharaɗin kawai shi ne ka bar wasu kwalabe ba magani don kwatantawa, kuma kowane gwaji ka maimaita shi aƙalla sau uku ko huɗu. Za ka iya ƙirga wuta-wuta a gonakin dawa da aka haɗa da wake da waɗanda ba a haɗa ba. Za ka iya bin magudanan noman rani ka nemo dodon koɗin nan na Bulinus mai ɗauke da tsutsar tsargiya, amma da takalmin roba da safar hannu, don kada mai bincike ya koma majinyaci. Za ka iya bin kududdufan gari kana ɗebo tsutsar sauro wata bayan wata. Za ka iya auna yadda kacalla ke toshe hanyoyin ruwa a fadama. Idan binciken ya shafi jini ko fitsarin mutane, musamman yara 'yan makaranta, to sai da izinin kwamitin ɗa'a na ma'aikatar lafiya ko asibiti da yardar iyaye, kuma samun izinin na cin lokaci.

Lokaci ma shi ne babban abokin gabar furojet. Tsirrai da ƙwari ba su san kalandar jami'a ba. Idan bincikenka na damina ne, kuma aka raba muku malaman da za su duba ku a watan Nuwamba, ka makara da shekara guda. Yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna yadda kalanda ke iya birkicewa. Don haka tun a aji uku ka je wurin malamin da ka manne masa ku tsayar da magana, ka fara tara bayanai da daminar da ke gabanka. Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, a rubuta komai da rana da wata, kada a yage shafi. Sayen furojet a shagon buga takardu kuwa, ko barin manhajar kwamfuta ta rubuta maka, ka sani malami mai dubawa daga waje tambaya biyu zai yi ya gano ka. Manhajojin nan har sunayen takardun binciken da babu su a duniya suna ƙirƙirowa.

SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, ita ce damarka ta taɓa na'urorin da makarantarku ba ta da su. Hukumar ITF ce ta fara shirin a 1973, kuma ga ɗaliban kimiyya yawanci a aji uku ake fita, a wurare da dama na wata shida. Kada ka yarda ka ƙare a ofishin da aikinka shi ne sa hannu da safe. Ka fara rubuta wasiƙu wata huɗu ko biyar kafin lokaci. Mai son amfanin gona ya nemi Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cin furen wake a 2019, ko reshen IITA da ke Kano. Mai son dabbobi ga NAPRI a Shika, ga cibiyar Vom kusa da Jos inda ake haɗa alluran rigakafin dabbobi, ga cibiyar binciken sammore da ƙudan tsando a Kaduna. Mai son kifi ya dubi cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, wanda ke gabas ya dubi Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri. Mai son tsuntsaye ya san da zaman APLORI a Jos, wadda ke horar da masu digiri na biyu a fannin kare halittu. Idan kuɗin zama a wani gari ya gagara, ɗakin gwajin babban asibiti ko na hukumar ruwan sha ta jiharku ya fi zaman banza nesa ba kusa ba.

Littattafai ba su zama uzuri ba yanzu. Jami'ar Rice ta Amurka tana bayar da cikakken littafin Bayoloji kyauta a shafin OpenStax, ka sauke shi sau ɗaya ya zauna a wayarka. PubMed da AJOL na cike da takardun bincike, da yawansu kyauta. Ka tambayi ma'aikacin laburare ko makarantarku ta yi rajista da Research4Life, domin wani lokaci lambar shiga na nan a aljihun tebur ba wanda ya nema. Abu ɗaya da zan matsa maka a kai shi ne lissafin ƙididdiga. Ɗaliban Bayoloji na gudunsa, su gama tara bayanai su kai wa wani ya "yi musu analisis" a biya shi. Ka koyi Excel sosai, sannan ka koyi R, wadda kyauta ce. Ka san lokacin da ake amfani da ANOVA da lokacin da bai dace ba. Da kwamfutar cinya da intanet kuma za ka iya shiga GenBank ka sauke jerin DNA na sauro ko gero, ka kwatanta su da BLAST, ka zana bishiyar dangantakarsu, duk ba tare da ka taɓa kwalbar gwaji ba. A wannan fage ɗalibin Gashuwa da na Landan kayan aikinsu ɗaya ne.

Game da bayan kammalawa, gara ka ji gaskiya tun yanzu. Digirin Bayoloji, ko ma na nazarin ƙananan ƙwayoyin halitta, ba ya ba ka lasisin aikin gwaje-gwajen asibiti. Hukumar MLSCN ce ke bayar da shi, ga waɗanda suka karanci wannan fanni takamaimai. Idan koyarwa za ka yi, za ka buƙaci difilomar PGDE da rajistar TRCN, kuma malamin Bayoloji da ya iya gwaji da hannunsa abin nema ne a makarantun sakandarenmu. Wasu jami'o'i na karɓar mai digiri mai kyau ya shiga likitanci daga aji biyu, amma guraben kaɗan ne, kada ka gina rayuwarka a kansu. Akwai hukumomi irin su NAFDAC da NESREA, da kamfanonin iri, da kiwon kifi, da shirye-shiryen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Akwai tallafin karatun digiri na biyu a waje irin su Commonwealth da DAAD, waɗanda galibi daraja ta biyu babba suke nema, tare da takardun shaida daga malaman da suka san ka da gaske, da bayanin binciken da za ka iya karewa da bakinka.

Ku kuma iyaye, idan ɗanku ko 'yarku ta zaɓi ta zauna a wannan fanni, ku daina tambayar yaushe za a koma likitanci. Idan Allah Ya hore muku, ku saya musu kwamfutar cinya ko da ta hannu ce tun suna aji biyu, kuma ku fara tanadin kuɗin SIWES da na furojet tun kafin lokacin ya zo.